Ganye biyu a kan mariƙi ɗaya: yadda aka gano sunan wata 'yar ciyawa mai furen rawaya

Hoto ɗaya ɗalibar ta fara turo mini, kuma fure ne kaɗai a cikinsa. Ta matso da waya har ɗan furen ya cika hoton, ruwan ɗorawa mai jajayen zane a tsakiya, duk abin da ke bayansa ya dusashe. A ƙasa ta rubuta: "Malam, don Allah mene ne sunan wannan? Ya mamaye wani gefen filin kiwon da nake nazari, mai filin kuma yana so ya san ko abin damuwa ne." Ta ce ta gwada manhajar gane tsirrai ta waya, kowane gwaji da sunan da yake ba ta.

Ban ga laifin manhajar ba. Abin da aka nuna mata shi ta amsa. Furen dangin wake yana gaya maka dangi da reshensa, amma da wuya ya gaya maka jinsi, domin dubban tsirrai ne ke da fure mai wannan siffa. Masana sun ƙidaya jinsuna kimanin 19,500 a wannan dangi da ake kira Fabaceae, a cikin gidaje, wato rukunan jinsuna masu kusancin zumunci, wajen 765, kuma shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure. A 2017 aka sake tsara shi zuwa rassa shida. Reshe ɗaya tak, Papilionoideae, yana ɗauke da jinsuna kimanin 14,000, kuma a nan wake da gyaɗa da baba suke. Mai hoton fure kaɗai ya tsaya ne a ƙofar wannan taro.

Abin da hoton ya iya faɗa

Duk da haka hoton bai tafi a banza ba. Fallayen furen biyar ne, amma ba girmansu ɗaya ba. Akwai babba a sama da ya buɗe ya ɗan lanƙwasa baya, shi ake kira tuta. Biyu suna gefe, su ne fukafukai. Biyun ƙasa sun manne sun zama ɗan kwale-kwale, a cikinsa sillayen garin fure da uwar kwanso, wato ɓangaren da zai girma ya zama kwanso, suke ɓoye. Idan ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, hagu da dama za su yi daidai, amma in ka ja shi a kwance ba za su yi ba. Wannan tsari kaɗai ya isa ya fitar da tsirrai biyu da suka fi ruɗar mutane a irin wannan wuri.

Na farko tsidau ne. Shi ma yana shimfiɗe a rairayi, furensa rawaya ne, ganyensa a jere yake kamar na 'yan dangin wake, amma fallayensa biyar a buɗe suke kuma duk ɗaya, ɗansa kuwa ƙaya ce mai rabuwa, ba kwanso ba. Ba ya cikin dangin ko kaɗan. Na biyu ya fi wayo, domin ɗan dangi ne: Chamaecrista rotundifolia, ɗan asalin nahiyar Amurka da ya bazu a ƙasashe masu zafi. Yana kwance a ƙasa, furensa rawaya, kuma ganyensa 'ya'ya biyu gare shi, wato ƙananan ganye biyu a kan mariƙi ɗaya. Sai dai furensa a buɗe yake irin na tafasa, babu tuta babu kwale-kwale, yana tsaye a kan dogon siririn mariƙi. Da hoton ya fitar da waɗannan biyu, aikinsa ya ƙare.

Na roƙe ta ta koma ta tono tsiro guda da saiwarsa, ta zaɓi wanda ke da fure da kwanso tare, ta kuma rubuta abin da ta gani a wurin kafin ta taɓa komai: irin ƙasar, abin da ke tsirowa kusa da shi, inda ya yi yawa da inda ya yanke. Na ce ta je da hantsi, domin furen irin waɗannan ƙananan ciyayi ba ya jure rana, kafin azahar ya yi yaushi.

Ganye da abin da ke gindinsa

Da tsiron ya zo, abin da ya fara ɗaukar ido ba furen ba ne. Tsawonsa bai kai santimita 30 ba, ƙananan rassa sirara sun fito daga gindi ɗaya, wasu a miƙe wasu sun kwanta sun ɗaga kai. Kowane ganye kuwa 'ya'ya biyu ne cif, dogaye masu tsini, sun fito daga ƙarshen mariƙi ɗaya sun buɗe kamar kunnuwan zomo. Babu na uku a tsakiya, babu kuma tabon da zai nuna ya taɓa zama ya faɗi. Wannan tabon sai an neme shi da gangan, domin ganye mai 'ya'ya uku da ƙwaro ya cinye na tsakiyarsa yana iya ɓatar da mutum. Mun duba ganyaye da yawa daga gindi har kai, duka biyu-biyu suke. Na ƙasa sun fi gajarta da faɗi, na sama sun fi tsawo da siranta, wasu sun kai santimita 3.

Da wannan ƙidaya gidaje da yawa suka fita. Stylosanthes, wanda shi ma furensa rawaya ne kuma yana son rairayi, 'ya'ya uku gare shi. Gadagi ganye ɗaya yake da shi a kowane mariƙi, kuma furensa ba rawaya zalla ba ne. Aeschynomene 'ya'yan ganyensa masu yawa ne a jere, ga shi ya fi son fadama. 'Yan gidan baba furensu ja ne ko ruwan hoda, kuma in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga gashin jikinsu a kwance yake, maƙale ta tsakiya, yana da kai biyu. Gashin da ke jikin namu ba haka yake ba.

Sai gindin mariƙi. Yawancin 'yan dangin wake suna da 'yan kunnuwa biyu a inda ganye ya haɗu da kara, kuma masu koyo ba su cika kallonsu ba, alhali sau da yawa a nan amsar take. A jikin wannan tsiro kunnuwan ba ta gindinsu suka maƙale ba. Ta wajen tsakiya suka kama karan, dogon ɓangare mai tsini yana kallon sama, wani ɗan guntu kuma ya zarce ƙasa da wurin maƙalewa. Ɗalibar ta ɗaga ɗaya da bakin allura ta ga gunton ƙasan yana lilo, bai manne da komai ba.

Irin wannan tsari ya sake bayyana a zangarniyar fure, kuma shi ya bayyana dalilin da hotonta ya zo da fure ɗaya tilo. Furannin a jere suke a kan zangarniya, nesa-nesa kaɗan, ba su da mariƙi, kuma kowane ɗaya yana tsakanin korayen marufai biyu masu faɗi da suka tafa shi hagu da dama. Marufan ma ta tsakiya suka maƙale, da gunto a ƙasa, gefensu da gashi. Furen, wanda bai kai santimita ɗaya ba, kansa kawai yake leƙowa, kuma ba sa buɗewa gaba ɗaya, ɗaya ko biyu ne a rana. Ganye mai 'ya'ya biyu, kunnuwa masu gunto a ƙasa, fure tsakanin marufai biyu: in waɗannan uku suka haɗu a tsiro ɗaya, gidan Zornia ne.

Mun ƙara da shaidu biyu don a tabbata. Ta ɗaga ganye a hasken rana ta ga 'yan ɗige-ɗige masu ratsa haske, ba yawa, sun fi zama wajen gefe. Sannan ta buɗe kwale-kwalen. Sillayen garin fure goma ne, kuma duka goman sun haɗe sun zama bututu ɗaya, kawunansu dogo da gajere bi da bi. A yawancin 'yan wannan reshe tara ne ke haɗewa, ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Gyaɗa ma haɗaɗɗun sillaye take da su, kuma ba dace ba ne, domin ita da Zornia da Stylosanthes duk ƙabila ɗaya suke a cikin reshen.

Daga gida zuwa jinsi

A nan aikin ya yi tsauri, kuma a nan nake ganin mutane suna gaggawa. Gidan Zornia yana da jinsuna sama da 70, mafi yawansu a nahiyar Amurka, musamman Barazil, sauran a Afirka da Asiya da Ostareliya. Masanin tsirrai Gmelin ne ya raɗa wa gidan suna a ƙarshen ƙarni na 18, don tunawa da Johannes Zorn, wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna. Shekaru masu yawa kusan duk mai 'ya'yan ganye biyu ana jefa shi ƙarƙashin suna ɗaya, Zornia diphylla, har sai da aka zauna aka rarrabe su, ciki har da babban bitar da Robert Mohlenbrock ya wallafa a 1961. Shi ya sa wanda ya buɗe tsohon littafi zai iya samun suna mai kama da daidai wanda masana sun riga sun taƙaita shi ga wani tsiro dabam.

Jinsunan gidan sun kasu biyu tun daga ganye: masu 'ya'ya huɗu da masu biyu. Namu yana cikin masu biyu. Tambayoyin da suka rage su ne, shin damina ɗaya yake rayuwa ko yana shekara da shekaru, kuma yaya kwansonsa yake.

Saiwa ce ta amsa ta farko, abin da ya sa na nace a tono shi, kada a tsinke. Saiwar siririya ce, fara, ta sauka a miƙe, babu kumburarren gindi mai itace, babu busassun kututturan bara. Tsiron bana ne, daga iri ya fito, kuma zai mutu da ɗaukewar ruwa. Jinsunan da ke daɗewa, irin su Zornia latifolia ta Kudancin Amurka wadda ta shigo Afirka ta zauna, suna da gindi mai tauri da rassa ke sake fitowa daga kansa.

Kwanson kuwa shi ne abin da ya fi burge ni a jikin tsiron. Ba ya tsagewa ta tsawo ya zubar da iri yadda na wake yake yi. Gaɓa-gaɓa ne, huɗu ko biyar a waɗanda muka duba, kowace gaɓa kimanin milimita 3, da ƙwaya ɗaya a ciki, kuma ya zarce marufan ya fito fili. In ya nuna sai ya kakkarye a mahaɗar gaɓoɓin. Kowace gaɓa tana lulluɓe da tsinkaye masu tauri, kuma a gilashi mai ƙara girma sau 10 za ka ga kowane tsinke yana da nasa 'yan gashi masu kallon baya. Da su yake kama gashin dabba ko bakin zane, ya shiga da sauƙi ya ƙi fita. Ciyawar damina ɗaya, mai 'ya'yan ganye biyu, mai kwanso irin wannan, a ƙasar rairayi ta Afirka mai zafi, ta kai mu ga Zornia glochidiata, sunan da masanin tsirrai de Candolle ya wallafa a 1825 yana jingina shi ga wani masanin, Reichenbach.

Ban bar ta ta rubuta sunan da biro ba sai da aka danne tsiron tsakanin takardu ya bushe, aka kwatanta shi da waɗanda masana suka riga suka tantance a ma'adanar busassun tsirrai. Bambancin jinsuna a wannan gida yakan sauka har kan faɗin marufi da yawan ɗigon da ke jikinsa, kuma irin wannan ido da ido ake ganinsa, tsiro kusa da tsiro. Kwatancin ya yi daidai.

Abin da wurin ya faɗa

Bayanan da ta rubuta a filin su ne suka mai da lamarin daga neman suna zuwa fahimtar wuri. Ƙasar jigawa ce, rairayi mai shanye ruwa nan take, babu inuwa. Ciyawar ba ta bazu ko'ina daidai ba. Ta yi shimfiɗa mai kauri a kewayen mashayar dabbobi da gefen burtali, inda kofato ya fi takawa, har kusan babu wani abu sai ita da tsidau da ƙarangiya jefi-jefi. Da ka yi nisa da mashaya sai ta riƙa raguwa, dogayen ciyayi su karɓe wurin, ita kuma ta koma ɗai-ɗai a tsakaninsu, siririya, tana miƙewa neman haske. A kwarin da ruwa ke kwanciya babu ita sam. A kan fako ma, inda ƙasa ta daskare, sai inda iska ta tara ɗan rairayi ake ganinta.

Wannan hoto ya dace da abin da aka sani game da jinsin. Ana samunsa daga Senegal zuwa Eritiriya, ya gangara har kudancin Afirka da Madagaska, kuma masu nazarin makiyayar Sahel, a yankin Ferlo na Senegal da wajen Niono a Mali, sun daɗe da lura cewa yana yawaita inda kiwo ya yi tsanani. Dalilan a jikin tsiron suke. Gajere ne mai son rana, dogayen ciyayi in an bar su sai su rufe shi, amma in dabbobi suka cinye su sai fili ya zama nasa. Dabbobin nan su ne kuma ke ɗauke da gaɓoɓin kwansonsa a jikinsu suna zubarwa a hanyar da suke bi kullum. Ƙwayarsa tana da ɓawo mai tauri da ba ya barin ruwa ya shiga lokaci ɗaya, saboda haka ba duka ke tsirowa da ruwan farko ba. Idan aka yi ruwa ɗaya sannan fari ya biyo baya, ciyayin da suka yi saurin fitowa sai su ƙone, shi kuwa yana da ragowar iri a ƙasa da ke jiran ruwa na gaba. Ga shi ba ya ɓata lokaci, cikin 'yan makonni ya yi fure ya zuba iri.

Ina so a lura da matsayin da muka ba wurin a wannan bincike. Shaida ne, ba alƙali ba. Da tsiro mai waɗannan siffofi ya fito daga cikin ruwan fadama, da na sake zama na bi komai daga farko, domin wurin ya saɓa wa sunan. Amma ban yarda mutum ya ce tunda jigawa ce kuma ana kiwo to lalle wane ne ba, domin jinsuna da yawa na wannan dangi suna zaune a wuri guda. Siffa ce ke ba da suna, wuri ya gaskata ko ya tayar da shakka.

Saiwar ta ba da wani bayanin kuma. Da aka wanke ta a hankali sai ga ƙananan ƙullutai zagayayyu, milimita ɗaya zuwa biyu, kowane yana zaune daidai inda ƙaramar saiwa ta fito daga babba. Haka na gyaɗa ma suke zama, wata alamar zumunci ke nan. Ta tsaga ɗaya da reza, cikinsa ja-ja ne. Wannan launi na wani sinadari ne mai riƙe iskar oksijin, ɗan'uwan wanda ke cikin jini, kuma yana nuna ƙullutun yana aiki: bakteriyar da ke ciki, 'yan gidan Bradyrhizobium, suna ɗaukar naitirojin daga iska suna mai da shi abin da tsiro zai iya ci. Wanda ya daina aiki kore ne ko baƙi-baƙi a ciki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya amfani da ita kai tsaye. Masana biyu, Hellriegel da Wilfarth, ne suka nuna a Jamus, a shekarun 1880, cewa ƙullutan nan ne sirrin dangin wake, wani masanin kuma, Beijerinck, ya ware bakteriyar a 1888. A ƙasar rairayi da ta talauce wannan babbar dama ce, kuma tana cikin dalilan da 'yar ciyawar ke tsayawa inda wasu suka gaza. Nazarin da aka yi a Niono a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin naitirojin da fosfaras a ƙasa, fiye da ƙarancin ruwa, shi ke taƙaita yawan ciyawa.

Amsar da aka kai wa mai filin

Tambayarsa ita ce ko abin damuwa ne, kuma amsar ba eh ko a'a ba ce. Ciyawar ba baƙuwa ba ce, 'yar nahiyar ce, ba ta da guba, kuma abinci ce mai kyau ga dabbobi saboda yawan furotin da ke cikinta. Ana ma yankarta a shanya a ajiye. Haɗarinta guda sananne ne: in shanu masu yunwa suka cika ciki da ita tana ɗanya sharaf, musamman a farkon damina, tana iya sa musu kumburin ciki, domin kumfa ke taruwa a tumbi ta hana iska fita, kuma hakan yana kisa in ba a yi hanzari ba. Shawarar a nan ita ce kada a saki dabba mai yunwa kai tsaye a kan shimfiɗarta, a bar ta ta fara cin busasshiyar ciyawa.

Abin da ya fi damuna ba ciyawar ba ce, abin da yawanta yake nunawa ne. Inda ta mamaye ita kaɗai, alama ce cewa dogayen ciyayi sun sha kiwo fiye da ƙarfinsu. Ita kuma da ruwa ya ɗauke take bushewa da wuri, ganyenta ya marmashe, ba ta barin wani kara mai rufe ƙasa. Filin da ya yi kore shar da ita a tsakiyar damina zai iya zama tsirara tun rani bai yi nisa ba, iska ta riƙa kwasar rairayinsa, dabbobi kuma su rasa abin ci a lokacin da suka fi bukata. Tuge ta ko fesa mata magani ba zai gyara komai ba, sai ma ya cire abu ɗaya da ke ƙara wa ƙasar naitirojin.

Mai filin ya amince a killace wani yanki kusa da mashaya a hana kiwo a cikinsa har dogayen ciyayi su zuba iri, a kuma riƙa sauya hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Ɗalibar ta kafa turaku a layi ɗaya daga mashaya zuwa nesa, ciki da wajen shingen, don ta auna a kowace damina yawan ƙasar da Zornia ta rufe da wadda sauran ciyayi suka rufe, a cikin murabba'in mita ɗaya a gindin kowane turke.